Boilar itacen da ke ɗumama mana gida a arewacin Minnesota

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni haifaffiyar Funtua ce, aure ne ya kawo ni Amurka, kuma ba Amurkar dogayen benaye da kuke gani a hoto ba, mu muna can arewacin jihar Minnesota ne cikin daji tsakanin Bemidji da Grand Rapids, inda tun daga Nuwamba har wajen Afrilu ƙasa a rufe take ruf da dusar ƙanƙara. Abin da ke riƙe da gidanmu duk tsawon watannin nan itace ne, itacen wuta dai da kowa ya sani, kuma yawanci ni ke fama da wutar saboda maigida direban tirela ne, sai ya yi kwanaki a hanya bai kwana gida ba. Mutanenmu da ke tasowa nan ko Kanada suna yawan tambayata wai da gaske ne in kana da boilar itace, wato murhun ƙarfe mai dafa ruwan ɗumama gida, ɗumi kyauta kake samu, shi yasa nace bari in faɗi yadda abin yake daga bakin wadda ke ciki.

Kafin mu sayi gida haya muke, gidan da gas ake ɗumama shi, irin furofen ɗin nan da mota ke kawowa ta ɗura a wani dogon tanki a bayan gida. Sanyin ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014 shi ya koya mana hankali. A shekarar manoma sun girbe masara da danshi sosai sai aka kwashi gas mai yawa wajen busar da ita, ga sanyi ya zo da wuri kuma da ƙarfi, kafin a ankara gas ya yi ƙaranci a duk yankin, a watan Janairu akwai wuraren da galan ɗaya ya haura dala 5, kuma ko da kuɗinka a hannu masu kawowa basa cika maka tanki sai dai su ɗan zuba maka su wuce gidan gaba. Lokacin ina goyon Khalifa. Na rufe duk ɗakunan gidan na tattaro mu falo, na rage zafin gidan har hannuna yana ƙagewa in zan yi wanke-wanke, yaro cikin rigar sanyi uku yake kwana, kullum sai na leƙa agogon tankin nan gabana yana faɗuwa. Da maigida ya dawo nace masa Baban Khalifa ni dai in Allah ya hore mana namu gidan ka nemo wanda ba sai mun jira mota ba kafin mu ji ɗumi. Yace in sha Allah.

A 2016 Allah ya nufa muka samu wannan gidan, tsoho ne amma yana da fili da daji wajen eka 20, kuma mai shi na da ya bar boila a tsakar gida. Ga wanda bai taɓa gani ba, wani ɗan ƙaramin ɗakin ƙarfe ne mai bututun hayaƙi a sama, ana girke shi a waje nesa kaɗan da gida. A cikinsa akwai ma'ajiyar wuta, sai ruwa ya kewaye ta ta ko'ina, namu yana cin kusan galan 200. Wuta ta dafa ruwan ya kai wajen digiri 82 a ma'aunin da muka saba dashi a gida, su nan 180 suke cewa da nasu lissafin, sai wani ɗan famfon lantarki ya tura shi ta fayif biyu da aka binne a ƙasa, ɗaya na kai mai zafi cikin gida ɗaya na dawo da wanda ya huce. A cikin gida ruwan yana bi ta wani lagireto, fanka ta hura iska ta cikinsa ta watsu ɗaki-ɗaki, sannan akwai wani ƙarfen daban da ke ɗumama mana ruwan wanka da na alwala ba tare da ruwan boilar ya gauraya da wanda muke sha ba. In ruwan ya kai zafin da aka saita sai ƙofar iska ta rufe da kanta wuta ta lafa, in ya sauka ta buɗe wuta ta tashi. Ba hayaƙi a ɗaki, ba toka, ba tsoron gobara a cikin gida, wannan kam ni'ima ce babba kuma har yau ina gode wa Allah a kanta.

Sai dai boila kiwo ce. Yadda mai saniya baya cewa yau na gaji ba zan ba ta ruwa ba, haka ita ma, safe da dare sai ka je, ko kana zazzaɓi ko kana da baƙi ko iska tana neman ɗauke ka.

Wanda ya koya min aikin wani dattijo ne maƙwabcinmu, kakanninsa daga Finland suka zo aikin ma'adinai da yankan katako, shi kuma tun yana yaro yake cikin itace. Satin da muka tare ya zo da kansa ba wanda ya kira shi, ya zagaya boilar ya buɗe ƙofa ya kankari bango da wuƙa, ya duba tarin itacen da aka bar mana ya girgiza kai yace wannan ɗanye ne, in kuka ƙona shi rabin wutarku wajen ƙafar da ruwan cikinsa za ta tafi. Ya ɗauki guda biyu ya buga su da juna suka yi wani ɗif, ya ɗauko na motarsa ya buga suka yi ƙwal, wallahi sai da naji hawaye ya taho min saboda haka Innata take yi in mai jaki ya kawo itace ƙofar gida, ta buga ta saurara, in bai mata ba tace malam koma dashi wannan sai hayaƙi. Ya ba ni wata 'yar na'ura mai tsinke biyu, ka faskara itacen ka soka a tsakiyar inda ka faskara ta nuna maka danshinsa, abin da ake so kar ya wuce kashi 20 cikin 100, alhali sabon sara kusan rabinsa ruwa ne.

To daga nan na gane cewa aikin sanyi ba a lokacin sanyi ake yinsa ba. Itace a nan da kod ake auna shi, wato tari mai tsawon ƙafa 8, faɗi ƙafa 4, tsayi ƙafa 4, kuma tsohuwar boila irin tamu tana lashe kod 10 zuwa 12 a shekara in sanyi ya yi tsanani. Ana sare bishiya a ƙarshen sanyi lokacin da ƙasa ke daskare mota na iya shiga daji ba ta kafe ba, a yanka gunduwa-gunduwa da zarton inji, in ƙanƙara ta narke a faskara da injin faskare, a jera a kan katako don kar ya taɓa ƙasa, a rufe samansa kaɗai a bar gefe iska na ratsawa. Aspen da ya fi yawa a dajinmu yana bushewa da wuri amma ci ɗaya yake ya zama toka, ba ya barin garwashi. Oak shi ne sarki, yana kwana da wuta, amma sai ya shekara biyu a jere kafin ya bushe, shi yasa kullum itacen da muke faskarawa bana na baɗi ne ko na baɗin baɗaɗa. Akwai kuma itacen ash mai daɗin faskare, shi wani ƙwaro ne kore ya addabe shi, an fara ganin ƙwaron a Michigan a 2002 ya iso Minnesota a 2009, ya kashe bishiyoyi ba adadi, saboda haka akwai dokar hana ɗaukar itacen wuta daga yankin da ƙwaron ya shiga zuwa wani, ko da an ba ka kyauta daga nesa ba ka ɗauko ba.

Maigida ke riƙe zarto, da wandon kariya da hular kwano da abin toshe kunne, ban taɓa yarda ya shiga daji shi kaɗai ba, ko ni ko dattijon nan wani sai ya bi shi. Ni da yara namu faskare da jerawa. Azumin 2017 da na 2018 sun faɗo ne a Mayu da Yuni, daidai lokacin aikin, ga rana a nan ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare, sai muka koma yin aikin da sassafe bayan asuba kafin ƙishi ya taso, mu yi awa biyu mu shiga gida. Kuma duk wanda ya dawo daga daji sai an duba masa jiki kaf saboda kaska, kaskar nan tana sa wata cuta mai kama gaɓoɓi, ba abin wasa bace.

Bari in faɗa muku yadda safiyar Janairu take. Ina idar da sallar asuba gari da duhu, in saka wando mai kauri a ƙarƙashin zani, takalmin ƙanƙara, safar hannu ta fata, in cusa hijabina cikin jaket in zuge har wuya, kuma hijabin na auduga ne, na roba bana kusantar wuta dashi ko kusa saboda tartsatsi ɗaya ya isa. Fitila a goshi. Da na buɗe ƙofar gida numfashin farko sai kaji gashin hancinka ya daskare, dusar tana ƙara ƙiiƙ ƙiiƙ a ƙarƙashin ƙafa in sanyin ya kai sanyi. In na isa na fara duba allon zafin ruwa da ma'aunin yawan ruwan, sannan in tsaya a bayan ƙofar boilar, ba a gabanta ba, in ɗan sassauta ta kaɗan in jira in yi salati kamar sau goma. Dalili kuwa wutar da ta kwana a lafe tana tara hayaƙi mai kamawa, in ka wangale ƙofa gaba ɗaya iska ta faɗa masa sai ya yi buuu ya watso harshen wuta waje, mutane da yawa sun rasa gira da gemu ta haka. In hayaƙin ya janye sai in buɗe, in jawo garwashin gaba da dogon ƙarfe, in sosa kusurwoyi inda toka ke daskarewa, in jera ƙanana a kan garwashi manya a sama. Ba cika ta ake yi maƙil ba, gwargwadon abin da zai kai dare kawai, saboda in itace ya yi yawa wuta takan yini a lafe tana turnuƙu, wannan turnuƙun shi ke haifar da kwaltar hayaƙi, baƙin danƙon nan da ke manne wa bango da bututu yana cin ƙarfe. In rufe, in tsaya har in ga hayaƙin sama ya sauya daga fari mai kauri ya koma siriri, sannan in koma in haɗa wa yara kunu. Da dare kafin kwanciya a sake maimaitawa.

Shekararmu ta farko itace ya riƙa ƙarewa da sauri fiye da lissafin kowa, gidan kuma ba wani ɗumi na a zo a gani. Dattijon ne ya gano dalili. Wata safiya ya kira ni yace zo ki ga, ya nuna min wani layi miƙaƙƙe daga boila har bangon gida inda dusar ta lotsa, wani wajen ma har ciyawa ta leƙo, alhali ko'ina ƙanƙara ta kai gwiwa. Yace ƙasa kuke ɗumamawa. Ashe fayif ɗin da aka binne tun farko irin mai araha ne da ake naɗe wa abin riƙe zafi a zura cikin bututun roba, ruwan ƙasa ya samu hanya ya shiga ya jiƙa naɗin sharkaf, to jiƙaƙƙen abu kuwa baya riƙe zafi sai dai ya kwashe. Ya auna zafin fayif a bakin boila ya auna a cikin gida, bambancin ya yi yawa ƙwarai, abin da ya kamata bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Haka muka lallaɓa har sanyi ya wuce, da bazara aka haƙe aka saka mai kumfa daskararre a ciki wanda ruwa baya ratsawa, kuɗin ya taɓa mu sosai har tafiyar gida da muka shirya a shekarar sai da muka ɗaga, amma sanyin da ya biyo baya layin nan bai sake fitowa ba kuma itacen da muke ci ya ragu a fili. Duk wanda zai sayi gida mai boila ina roƙonsa ya tambayi irin fayif ɗin da ke ƙasa kafin ya tambayi komai.

Sai maganar ruwa, wadda mutane suka fi sakaci da ita saboda ba a ganin ɓarnarta sai ta gama. Irin boilarmu a buɗe take ta sama, iska na shiga ruwan, ƙarfe da ruwa da iska kuwa tsatsa kenan. Akwai maganin hana tsatsa da ake zubawa, kuma duk shekara sai in ɗebi ruwan a 'yar kwalba in aika a gwada ko maganin ya rage ƙarfi. Ba a barin zafin ruwan ya sauka ƙasa da wajen digiri 65 a ma'auninmu na gida ana hura wuta, in ya sauka bangon ciki yana yin gumi, gumin ya haɗu da toka ya zama abin da ke huda ƙarfe. Igiyar da ke zagaye da bakin ƙofar boilar don toshe iska in ta taurare sai a canza, in ba haka ba iska na satar shiga wuta ta ƙi lafawa har ruwa ya tafasa ya yi ambaliya. In sanyi ya wuce a kwashe toka tas, a kankare bango, a rufe bakin bututun hayaƙi kar ruwan sama ya shiga, ruwan cikinta kuma a bar shi cike da maganinsa. Famfo na ajiya kullum akwai ɗaya a kan kanta, kuma na koyi canza shi da hannuna saboda ba zai jira ranar da maigida ke gida ba kafin ya tsaya.

Ƙarshen Janairun 2019 ne na san darajar duk wannan wahalar. Sanyin da aka yi a ranakun nan ya wuce misali, a wani gari da ake kira Cotton an auna digiri 56 ƙasa da sifili a lissafinsu, kusan 49 kenan a namu, aka rufe makarantu, har masu kai wasiƙu suka dakatar da aiki. Baban Khalifa yana can wata jiha motarsa ta ƙi tashi, yana ta kira hankalinsa a tashe, Maman Khalifa ya kuke, ya yara, wutar tana ci? Nace masa kwantar da hankalinka yara ga su nan da singileti suna wasa a falo. Na ƙara fita da tsakar rana da tsakar dare, oak zalla nake zubawa wanda muka faskara tun shekara biyu baya, minti biyar a waje gashin idona ya yi fari da ƙanƙara, amma ruwan bai taɓa sauka ba. Wata maƙwabciyarmu mai jariri injin gas ɗinta ya tsaya cikin daren, dattijon ya ɗauko su ya kawo min, suka kwana a ɗakin yara, na dafa musu shayi mai citta da kanumfari. Tun daga ranar matar nan ta zama 'yar uwa, ita ke ɗauko min yara daga makaranta in ban samu dama ba.

Abu biyu ne har yanzu suke min nauyi. Na farko lantarki, itace ne ke ci amma famfo da fanka da ƙofar iska duk da wuta suke aiki, in guguwar ƙanƙara ta kayar da bishiya a kan waya aka ɗauke, zafi yana nan a boila amma ba mai kai shi ɗaki, kuma in ruwa ya daɗe a tsaye fayif na iya daskarewa ya fashe, shi yasa ƙaramin janareta da jarkar fetur basa rabuwa da garejinmu. Na biyu tafiya. Daga nan zuwa Minneapolis inda 'yan uwa Musulmi suke da yawa tafiyar wajen awa 4 ce, ko walima ko suna aka gayyace mu lokacin sanyi sai na fara neman wanda zai zuba min itace. Da Innata ta kwanta ciwo a watan Disamba na kira ta ina kuka, tace 'yar nan zauna ki kula da jikokina kar sanyi ya kama su, addu'arki ta ishe ni. Maigida ya ajiye aiki ya zauna da yara da boila na samu na tafi, Alhamdulillah na same ta kuma ta warke, amma albashin watan bai shigo ba.

Maganar hayaƙi kuma bana ɓoye ta. Tsofaffin boiloli irin tamu suna hayaƙi sosai musamman in wuta ta lafa ta sake tashi, bututunsu gajere ne, in iska ta tsaya hayaƙin baya tashi sama sai ya kwanta ya bi ƙasa zuwa gidan mutane, kuma ƙananan ƙurar da ke cikinsa har cikin huhu take shiga. Ni da na tashi ina jin tarin Inna saboda hayaƙin madafi ba zan so in zama sanadin tarin ɗan wani ba. Mun ƙara wa bututun tsawo, bana ƙona komai sai busasshen itace, ba leda ba kwali ba katakon da aka yi wa fenti ko magani, kuma da zafi bana kunna ta don ruwan wanka kawai kamar yadda wasu ke yi. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fito da ƙa'idar hayaƙi a kan sababbin boiloli a 2015 ta ƙara tsaurara ta a 2020, yanzu waɗanda ake sayarwa suna jan hayaƙin ƙasa ne su sake ƙona shi a wani ɗaki na biyu mai tsananin zafi, itacen da suke ci ya ragu sosai hayaƙin kuma da ƙyar ake ganinsa. Da yawansu ma a nan arewacin jihar ake ƙera su, a garuruwa irin su Greenbush da Warroad. Amma basa yafe ɗanyen itace ko kaɗan, suna son shara akai-akai, kuɗinsu kuma ya haura dala 10,000 kafin a zo maganar girkawa.

Tamu ta fara nuna shekaru, bara mai walda ya like wani ɗan wuri a ƙasan ƙofa inda ta fara tsiyaya, yace za ta ƙara kai mu wani lokaci amma mu fara shiri. Muna tara kuɗin sabuwar kaɗan-kaɗan, kuma tunda ita busasshe kawai take karɓa mun riga mun fara gina rumfar itace mai rufin kwano a gefen da rana ta fi bugawa. Dattijon nan ƙafa ta fara ba shi matsala baya iya shiga daji, bana Khalifa da babansa ne suka sare masa nasa suka faskara suka jera masa a bakin ƙofa, saura namu na baɗi da zamu fara da zarar hanyar dajin ta bushe.